Dalilin da Ya Sa Na Ɗaga Murya a Gasar Karnuka

Ferneyrigg, ta Rothbury,
Oktoba, 1993.

Zuwa ga ƙanena Hedley,

Gaisuwa mai yawa daga gida, da addu'ar Allah ya sa takardar nan ta iske ka lafiya, kai da Raewyn da yara da jikoki. Yaya gwiwar taka? Raewyn ta ce likita ya hana ka hawa doki sai ta warke, amma na san halinka tun kana yaro, magana ta shiga ta wannan kunne ta fice ta wancan. Don Allah ka ji maganar matarka ko sau ɗaya ne. Ku can New Zealand yanzu tumaki ke ta haihuwa, na san ba ka samun zama, Allah ya ba da sa'a ya raya ƙananan. Mu nan ruwa ya ƙi ɗaukewa, ganye ya kusa gama zuba, hanyar coci duk ta koma taɓo. Gwaggo Jessie tana nan da ƙarfinta, kunnen ne dai ya ƙara nauyi, sai an yi mata ihu, in kuma aka yi ihun ta ce an raina ta. Alick ɗana ya zo daga Newcastle ya gyara min rufin ɗakin itace. Matarsa tana da juna biyu, ana sa ran sauka wajen Kirsimeti, Allah ya raba lafiya.

Yanzu sai maganar da ta zaunar da ni rubutu. Takardarka ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune, duka biyun kuma raina ya ɓaci. Ka ce ƙanwarmu Freda ta rubuto maka cewa na yi abin kunya a bikin manoma, na ci mutuncin mutuniyar kirki a gaban jama'a, na watsa mata shayi, kuma wai tun rasuwar mijina Selby kaɗaici da karnuka sun taɓa min kai. Har da cewa in zo wurinku in huta. Na gode da tayin, na san ƙauna ce ta sa. Amma Hedley, ni na yi rainonka, yaushe ka taɓa ganin na ɗaga murya a banza? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka ji ta bakin Freda, yanzu ka ji ta nawa, kuma daga tushe zan ɗauko, don rabonka da gida ya yi nisa, ba ka san yadda aka yi na shiga harkar nan ba.

Ka dai tuna ni ce mai korar karnukan Baba daga kicin da tsintsiya. Har na auri Selby ban sauya hali ba. Yana da 'yar karyarsa Midge, irin ƙananan karnukan farautar nan namu na bakin iyaka da ake kira tariya, 'yar ja mai gemu, aikinta kashe ɓeraye a rumbu da shiga ramin dila lokacin haihuwar tumaki, wurin kwananta kuwa ɗakin itace. Da Selby ya rasu na yi niyyar ba da ita. Wani makiyayi ya zo ɗauka da igiyarsa a hannu, sai ta tako ta zauna a kan ƙafata, ba haushi ba kuka, ta zuba wa mutumin ido kawai. Na ji bakina yana ce masa ya yi haƙuri na fasa. A ranar ta fara kwana a kicin, kafin sanyin shekarar ya wuce ta koma ƙarshen gadona. Ita ce ta fitar da ni daga ɗaki, don tariya ba ruwanta da makoki, in gari ya waye sai an hau tudu, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Lokacin da nake zaune cikin duhu ban iya ko dafa abinci ba, Freda tana zuwa ranar Lahadi, ban manta alherinta ba, amma sauran ranakun mako Midge ce.

Da na ga ta fara manyanta, na ce kada irin karyar Selby ya ɓace, na kai ta aka yi mata barbara da karen wani mafarauci. Cikin 'ya'yan na riƙe mace ɗaya, na sa mata suna Tansy. Wata ranar kasuwa ina tafe da ita a Rothbury, wata mata doguwa ta tare ni, ko gaisuwa babu, ta durƙusa a bakin titi ta zagaye ƙirjin Tansy da hannu biyu, ta buɗe bakinta ta duba haƙora, ta ja fatar bayanta, sannan ta miƙe ta ce min laifi ne babba a bar karya irin wannan tana bin ɓeraye ba wanda ya gan ta. Ita ce Uwargida Averil Swinhoe. Ba ka san ta ba, bayan tafiyarka suka sayi babban gidan nan na bakin kogi, kuma a filin mijinta ne Norman, mijin Freda, yake kiwon shanunsa. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani.

Ba zan ɓoye alherinta ba don ta ɓata min rai. Ita ta koya min komai. Gasar farko da na je, almakashi na sa na aske Tansy tas, ina ganin na yi gwaninta. Da Uwargida Averil ta gan mu ta dafe kai, ta ce Elspeth, wannan karya ce ko burushin wanke tukunya? Ita ta zaunar da ni a kicin ɗinta ta nuna min yadda ake tsige gashin da yatsu kaɗan-kaɗan har sabon ya fito da ƙarfinsa, da yadda ake tsayar da kare a kan tebur, da yadda ake tafiya da shi igiya sake. Ranar da alƙali ya fara miƙo min jan ƙyallen wanda ya zo na ɗaya, na tuƙo mota har gida ina yi wa Tansy waƙa kamar wata yarinya. Ka yi dariya in ka ga dama. Daga nan na gina musu ɗaki a bayan gida, na shiga ƙungiyar masu irin karen, na san hanyar kowane ƙauye daga nan har tsallaken iyaka. Haihuwar Tansy ta farko ta ba ni Nettle, ita nake kaiwa gasa yanzu. Ban taɓa ba da ɗan kwikwiyo ga wanda ban je na ga gidansa ba. Ni a ganina na samu mutanena, na samu aminiya.

Uwargida Averil tana da kare namiji, Baron, wanda ya cinye kusan duk wata gasa a arewa. Kyakkyawa ne, ba zan ce ba. Ita da bakinta ta ce min Tansy ta cancanci Baron, in kawo ta. Na ji kamar an naɗa ni sarauta. A farkon bazara Tansy ta haifi biyar, duk lafiyayyu a ido. Sai da suka buɗe ido suka fara yunƙurin tashi na lura uku daga ciki ƙugunsu yana karkarwa. In suna barci shiru, da sun motsa sai jiki ya ɗauki rawa, rawar da ba ta tsayawa. Su kama nono, karkarwar ta fizge bakinsu, su sake nema, ta sake fizgewa, 'yan'uwansu biyu suna ƙiba su suna ramewa. Tansy ta yi ta lasar su tana dubana, kamar tana tambayata abin da na tsaya yi. Hedley, kai makiyayi ne, ka ga mutuwar ƙananan dabbobi fiye da ni, amma wannan daban ne, yunwa ce ke kashe su ga nono a bakinsu.

Likitan dabbobi ya ce ciwo ne na gado, ba ya fitowa sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi a jini, su kuwa ba a ganin komai a jikinsu, kuma babu wani gwajin da zai nuna kafin a haɗa su. Biyu daga cikin ukun sun yi nisa, ya yi musu allura a hannuna, na binne su a gindin itacen tuffa. Na ukun, 'yar mace, ya ce in ina da haƙuri in gwada. Na sa mata Pip, na riƙa ba ta madara da kwalba ina riƙe ƙugunta da hannu ɗaya.

Har zuwa nan ban zargi kowa ba. Abin da ya zo min shi ne in je in gaya wa aminiyata da wuri, don kada wani ya faɗa inda na faɗa, har ina tausaya mata yadda za ta ji. Na sa Pip a kwando na tafi. Na same ta a lambu tana yanke furanni. Na buɗe kwandon, ta leƙa, kuma labarin zuciya a tambayi fuska: ko gira ba ta ɗaga ba. Ta ce ayya, wannan abin ne kuma. Na ce wane abu? Ta ce yakan faru jefi-jefi, ya faru da wata mata a Jedburgh, ya faru da wani a Cumbria, su dai sun yi hankali, sun kai wa likita abin ya wuce, ba wanda ya ji. Ta ce in kai wannan ma a yi mata allura, me zan yi da nakasasshiya, in Tansy ta sake neman namiji in dawo da ita wurin Baron, wataƙila wannan karon a dace. Na tambaye ta, ashe kin sani, kika ce in kawo? Ta ce Elspeth, ke fa sabuwar shiga ce, kare irin Baron sau ɗaya ake samunsa a rayuwa, ba za a rufe shi a ɗaki saboda 'yan kwiyakwiyai ba, kuma in na fita da maganar nan sunan Tansy zan ɓata, don ita ma ai tana ɗauke da shi. Sannan ta tambaye ni ko zan sha shayi. Shayi, Hedley! Na rufe kwandona na fito.

Wannan shi ne abin da nake so ka lura da shi, tunda an ce maka hauka na yi: ban yi magana a ranar ba, ban yi washegari ba. Na je wurin shugaban ƙungiya a gidansa cikin mutunci na gaya masa. Ya sosa ƙeya, ya ce abu ne mai nauyi, za su duba, amma in tuna tantin gasa da kofunan da ake rabawa duk daga gidan Swinhoe suke fitowa. Na jira duk tsawon bazara, ba su duba komai ba.

Sai ranar bikin manoma. Na je da Nettle, ta zo ta biyu a ajinta, Baron kuwa ya cinye duka kamar kullum, na tafa masa tare da kowa, don karen ba shi da laifi. Na shiga tantin shayi na karɓi kofina. A teburin kusa da ni ga Uwargida Averil da wani mutum daga tsallaken iyaka, Struan Kerr, makiyayi ne, da matarsa, da 'yar karyarsu a kan cinyar matar. Ina ji da kunnena tana ce musu su kawo ta wata mai zuwa, Baron bai taɓa ba da ɗa mai aibi ba. Bai taɓa ba! Matar tana murmushi tana shafa kan karyar, irin murmushin da na yi da aka ce in kawo Tansy. To ka gaya min, kai da kake can nesa kana jin tausayina, me za ka yi? In sha shayina in tafi gida?

Na tashi na je na tsaya a kansu. Na ce Malam, ban san ka ba, amma kafin ka kai karyarka ka zo gidana ka ga 'yar Baron ɗaya a kwando da biyu a ƙasa. Uwargida Averil ta yi dariya, ta ce kada su kula, baiwar Allah ce ta rasa miji, kuma yau karyarta ta zo ta biyu, abin ya yi mata ciwo. Nan ne muryata ta tashi, ban musa ba. Na ce Averil, ki dube ni ki ce ba ki faɗa min a lambunki cewa ya faru a Jedburgh ya faru a Cumbria ba, ki faɗa a nan gaban mutane in ji. Na ce na ci abincinki, kin koya min sana'a, amma ba ki saye bakina ba. Har mai zuba shayi ta tsaya da buta a sama. Sai Averil ta miƙe za ta fita. Igiyar Baron kuwa tana ɗaure a ƙafar teburin, da ta fizge shi teburin ya biyo su, kofuna da kek da madara duk suka kife mata a siket. Shayin da aka ce na watsa ke nan. Nawa yana hannuna, ko ɗigo bai zuba ba, kuma na shanye shi kafin in fita. Freda tana can ƙarshen tanti wurin teburin gasar kek, ba ta ga komai ba sai siket jiƙe.

Abin da ya biyo baya ya fi ranar ciwo. Shugaban ƙungiya ya bugo waya, wai irin wannan magana a cikin gida ake yin ta, in ba da haƙuri. Na ce ai cikin gidanka na kawo maka ita, me ka yi da ita? Ya ce to gara kada in zo liyafar ƙarshen shekara. A gasar da ta biyo baya, mutanen da muka sha raba burodi da su a bayan mota sun ajiye motocinsu can nesa da tawa, wasu in mun haɗa ido sai su duƙa suna gyara igiyar kare. Ba su ce ƙarya na yi ba, ko ɗaya bai ce ba. Laifina shi ne na faɗa. Har yau Baron yana zuwa gasa yana ci, kuma na ji akwai masu kai masa karya, sun dai ragu.

Struan Kerr ya zo, shi da matarsa. Ya ɗauki Pip a tafin hannunsa ya daɗe yana dubanta, ya ce Allah ya saka, ya fasa. Bayan su matar nan ta Jedburgh ta nemo gidana da kanta, ta zauna a kicin ta yi ta kuka, ta ce ita huɗu ta rasa, an ce mata laifin abincin da take ba karyarta ne, ta yi shekara biyu tana ganin ita ta kashe su. Wannan kaɗai ya ishe ni, ko da duk yankinmu na Northumberland zai daina gaishe ni.

Kuma kada ka ce na nemi wata ta yi abin da ni ban yi ba. Na kai Tansy an yi mata aiki, ba za ta sake haihuwa ba. Nettle ma likita ya ce tana iya ɗauke da shi tana iya kuɓuta, ba mai sani sai Allah, don haka ita ma ba zan haɗa ta da kowa ba. Lafiyayyun nan biyu na ba da su ga mutanen da na gaya wa gaskiya, suka yi min alkawarin ba za su nemi iri daga gare su ba. Ka gane abin da nake nufi: irin Midge, karyar Selby, a hannuna zai ƙare. Ranar da na dawo da Tansy daga wurin likita na daɗe a mota a ƙofar gida ban iya fita ba. Wannan ce asarar da na yi, kuma ita ce Freda ba ta rubuto maka ba.

Na san abin da ke damun Freda. Tsoro take kada a karɓe filin kiwo daga hannun Norman, kuma tsoron ba na banza ba ne, ni ma ya hana ni sukuni. Zuwa yanzu dai ba a taɓa su ba, mijin Averil ya fi ta sanin ya kamata. Amma da ta zo ta ce min Yaya ina tsoro, da na rungume ta. Sai ta zaɓi ta rubuta wa ƙanena a bangon duniya cewa na haukace, alhali tun da abin ya faru ƙafarta ba ta taka gidana ba.

Sai shekaranjiya ta zo, wai kwanonta na gasa kek ta zo karɓa. Ta tsaya a bakin kicin da rigar ruwanta ba ta cire ba, ta fara: Yaya, kin ja mana magana, yanzu ko shago na shiga sai a yi shiru, ke ba ki da miji a filin mutane shi ya sa. Ina cikin haɗa amsa, sai Pip ta fito daga ƙarƙashin tebur. Ta girma, tana cin abinci da kanta, karkarwar ta ragu, amma har yanzu in ta nufi wuri sai ƙugun ya kwashe ta gefe, ta faɗi, ta tashi, ta sake nufa. Haka ta ratsa kicin har ta kai takalmin Freda, ta kama igiyarsa tana ja tana gurnani. Freda ta sunkuya tana kallonta. Can ta zauna a ƙasa da rigar ruwan, ta ɗora ta a cinya, ta ce haba Yaya, ai ba ki ce min haka abin yake ba. Ban ce ba! Na faɗa mata a waya har bakina ya gaji, tana ce min kare dai kare ne. Ta tambayi inda sauran biyun suke, na nuna mata itacen tuffa ta taga. Ba ta ba ni haƙuri ba, ka san Freda, kuma da za ta tafi sai da ta ce duk da haka da na rage murya. Amma ta manta kwanon, kuma ta ce za ta sake rubuto maka. Ban san ko za ta yi ba, shi ya sa na riga ta.

Don haka ka kwantar da hankalinka, kaina ƙalau yake, raina ne a ɓace, kuma yana da dalili. Ba zan zo hutu bana ba, wa zan bar wa Pip? Akwai gasa a watan gobe, ni da Nettle za mu je, zan ajiye motata a tsakiyar fili, wanda ya ga dama ya matsa. In za ka rubuta wa Freda kada ka yi mata faɗa, ni zan yi abina.

Ka gaishe min da Raewyn da kyau, ka ce mata rigar sanyin da ta saƙa min ta yi daidai. Ka gaishe da yaranka, Callum da matarsa, da Isla, da jikokina duka, ka ce wa ƙaramar na ga hotonta da ɗan ragonta, yana kan kantar saman murhu inda kowa zai gani. Gwaggo Jessie ta ce a gaya maka ka yi ƙoƙari ka zo tun tana iya gane ka. Alick da matarsa suna gaisuwa. Allah ya ba ka lafiyar gwiwa, ya tsare ku, ya sada mu da alheri.

Yayarka mai ƙaunarka har kullum,
Elspeth.